Mangwaron Saudatu

Sabo, Shagamu
Watan Sha'aban

Daga Ya'u mai goro zuwa ga ɗana Maje ɗan kwangila, a Gyaɗi-Gyaɗi. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta iyalinka. Ni kalau nake, in ban da idanu da suka fara yi mini hazo, shi ya sa za ka ga ajamin nan manya-manya kamar na mai koyo.

Bayan haka, na san mun daɗe ba mu ji juna ba, tun rasuwar mahaifinka. Amma ubana da kakanka ciki ɗaya suka fito, saboda haka ba na jin nauyin ɗora maka kaya. Wani mutumin Tarauni da ya kawo shanu nan ya ce mini mangwaron gidana bana bai yi 'ya'ya ba, ganyensa na zuba ba lokacin zuba ba, wani gari kuma yana fitowa daga jikinsa. Yayata Iyatu da ke zaune a gidan ta tsufa, ba abin da za ta iya. Don Allah ka tsallaka ka duba mini shi, ka gaya mini abin da idonka ya gani. An ce kai ma ka dasa itatuwa a ƙofar gidanka, ka san kansu.

Ina da niyyar komowa gida gaba ɗaya idan sanyi ya shigo, in Allah ya kai mu. Kurmi ya ishe ni haka. Wassalam.

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Mayu, 1955

Zuwa ga Baba Ya'u,

Gaisuwa mai yawa, da fatan an sha ruwa lafiya, an yi salla lafiya. Mu nan kowa kalau. Aiki kuwa sai godiya, gine-gine sun yi mini yawa har na sayi motar ɗaukar yashi tawa ta kaina, ba da taimakon kowa ba sai na Allah. Allah ya sawwaƙe ciwon idon.

Kafin in shiga magana, Baba, ina da roƙo. Takardarka ta daɗe a aljihuna har ta fara yagewa kafin in sami sukunin zama in haɗa baƙaƙenta. Rabona da ajami tun ina ƙarami, da na shiga Midil boko ya danne shi. Ba na kuma son in kai wasiƙar gidanmu wurin malamin unguwa ya karanta mini, ni da nake karanta takardun Turawa ba tafinta. Zamani ya juya. Nan gaba ka nemi akawu ya rubuta maka da boko, in karanta a tsaye in ba ka amsa ran nan.

Na je Tarauni da kaina. Na tarar da Gwaggo Iyatu a gindin mangwaron tana kaɗi. Da ta ga na shigo da takalmi sau-ciki sai ta ce, "A'a, yau Bature ne a gidanmu? A kawo kujera, kada ƙasarmu ta ɓata masa wando." Na ce, "Gwaggo, likitan itace ne ya zo." Ta ce, "To likita, a yi allurar a hankali, marar lafiyar ya girme ka."

Ga abin da na gani. Cuta biyu ce. Ta sama wata koriyar tsutsa ce da ke haɗe ganye da saƙa kamar ta gizo-gizo tana ci daga ciki, ita wannan da sauƙi. Ta ƙasa ita ce muguwar. Akwai ramuka a jikinsa da kan manyan rassa, wani yatsa zai shiga, gari kamar dusa na zubowa daga ciki, wani wurin har da ruwa mai danƙo. Na zura waya a rami ɗaya na zaro wata farar tsutsa mai jan kai, kaurinta ya kai babban yatsana. Reshen da ya rufe ɗakin Gwaggo ya bushe rabi, in iskar damina ta taso ban san abin da zai faru ba.

Hanya biyu ce. Ta farko jinya. A bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da waya, a ɗura kananzir, a toshe da laka, a datse busassun rassa a ƙone, a shafe gindi da farar ƙasa, a yayyafa wa ganye ruwan taba da sabulu, kuma a yi ta komawa duk mako har damina ta wuce. Haka nake yi wa itatuwan maɗacin da na jera a ƙofar gidana, amma su yara ne, suna jin magani. Ta biyu, a sare shi a ƙone, a dasa dogon yaro a gurbinsa. Shi ƙwaro ba ya son ɗacinsa, kuma ba ya jimawa yake yin inuwa. In ni ne ta biyu zan ɗauka, tsohon itace bai cancanci wannan wahala ba. Amma gidanka ne. Ka zaɓa, abin da ka ce shi za a yi, ɗawainiyar kuma tawa ce.

Naka,
Maje

Sabo, Shagamu
Yuli, 1955

Zuwa ga Maje. Ni ne Oluwole, akawun tashar goro, maƙwabcin Baba Soho Ya'u. A nan zango na koyi Hausa, kuma ba wanda ya iya boko sai ni. Yana faɗa ina rubutawa. Zazzaɓi ya kwantar da shi tun bayan salla, magana kaɗan zai iya.

Ya ce, ɗana, na gaishe ka, na gode da ka je da ƙafarka. Na ji bayanin susar nan, raina ya ɓaci ƙwarai. Na sufa, ba ni da ƙarfin doguwar magana yau. Ka sare mini shi, Maje. Duk wahalar da za a sha, ka sare mini shi kafin in zo, kada in dawo in tarar susa ta mai da shi gari. In na sami sauƙi zan aiko da sauran magana. Wassalam.

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Agusta, 1955

Zuwa ga Baba Ya'u,

Gaisuwa da fatan zazzaɓin ya sauka. Ka riƙa shan kunu da zafinsa, ka daina zama a tasha cikin yayyafi. Mu nan lafiya, damina ta yi kyau, gyaɗa ta rufe ƙasa daga nan har Tarauni.

Ka gaishe mini da akawunka. Ya iya riƙon alƙalami, amma harshensa ya biyo shi har kan takarda. Kai ne Soho, tsutsa kuma ta koma susa. Na karanta wa direbana muka yi ta dariya. Duk da haka na gode masa, don a tsaye na karanta kamar yadda na ce.

To Baba, ka ce a sare, an sare. Na yi murna da ka ɗauki shawarata, ba kowane dattijo ne ke jin maganar na baya ba. Na janye leburorina daga gini na kai su da gatura da igiyoyi. Gwaggo ce ta so ta ba mu wahala. Ta shimfiɗa tabarmarta a gindin ta zauna, ta ce, "Ya'u bai faɗi haka ba." Na ce, "Gwaggo, ga takarda." Ta ce, "Takarda ba ƙanena ba ce." Sai na karanta mata da ƙarfi, na maimaita. Ta naɗe tabarmarta ta ce, "To, Kurmi ya sauya shi." Ta shige ɗaki, ba ta leƙo ba har muka gama.

Aikin ya yi tsabta. Mun ɗaure rassan da igiya muna saukewa a hankali, ko jinkar ɗakinta ba a taɓa ba. Tsutsar da muka fitar kajin gidan suka yi biki da ita. Na sa aka haƙe saiwar duka, aka loda komai a motata aka kai bayan gari aka banka masa wuta da kananzir, don kada ƙwaron ya koma itatuwan maƙwabta. Gwaggo ta aiko a bar mata guntu ɗaya a sassaƙa mata kujerar zama, na ce a'a, ƙwan ƙwaron a ciki yake, in za a yi aiki a yi shi ɗungurungum. Zan sa kafinta ya yi mata wadda ta fi ta.

Na dasa dogon yaro a gurbin, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Tsakar gidan yanzu fayau, haske ko'ina, in ka zo ba za ka gane shi ba.

Naka,
Maje

Sabo, Shagamu
Agusta, 1955

Zuwa ga Maje, da hannun Oluwole. Baba ya sami sauƙi, yau har ya ci tuwo.

Ya ce, ɗana, na gaishe ka da aiki. Ban ji daga gare ka ba tukuna, na san jinyar itacen ce ta riƙe ka, sannu. Ga sauran maganar da na ce zan aiko, don ka san abin da kake wa wahala.

Ba a haife ka ba lokacin. Tafiyata ta farko Kurmi na kawo wa matata Saudatu mangwaro, ba ta taɓa sha ba. Ta shanye, ta ƙi yar da ƙwallon, ta binne shi a sakar gida. Na yi mata dariya, na ce wannan ɗan ƙasar ruwa ne, ba zai zauna a Tarauni ba, mu da rijiyarmu ke ƙafewa da rani. Ta ce zai zauna. Sai ta riƙa yin alwala a kansa, kowace salla, da ruwan alwalarta ya girma. Allah bai bar mana ɗa ko ɗaya ba, duk suna ƙanana suke komawa. Takan dafa shi ta ce, wannan ne ɗana da ya zauna.

Da ta rasu na kasa zama a inuwarsa, shi ya kore ni zuwa nan. Yanzu kuwa ba abin da nake so sai inuwar nan. Ido ya tafi rabi, amma hanci na nan, ina so in iso lokacin da yake fure.

Na ba wani direban goro ƙunshin ganyen taba na nan ƙasar, ya fi namu ƙarfi, ka jiƙa ka yayyafa wa ganyen. Reshen da ke kan ɗakin Iyatu ka cire shi kaɗai, a hankali, ka shafe wurin da laka.

Allah ya sare ka, ya sare iyalinka da motarka, kamar yadda kake sare mini amanar Saudatu. Wassalam.

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Satumba, 1955

Zuwa ga Baba Ya'u,

Gaisuwa. Na ji daɗi da ka sami sauƙi. Mu ma lafiya.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Yanzu tawa tana hannunka, ka riga ka ji.

A wurin gini aka miƙo mini taka, ina karantawa a tsaye ina ba magina umarni. Da na zo kan labarin Inna Saudatu na ce a raina, ikon Allah, mutum ya ce a sare abu kuma yana yabonsa haka? Sai na kai layin ƙarshe. Na ce wace irin addu'a ce wannan, Allah ya sare ni? Sai na zauna a kan bulo. Magina suna yi mini magana ban ji su ba.

Baba, wannan aikin akawunka ne. Harafi ɗaya ya yar, tsare ta koma sare. Ni abin da aka rubuta na bi, kuma duk wanda ya yi makaranta haka zai karanta. Mutumin da bai iya furta magana ba me ya kai shi rubuta ta? Me ya hana shi maimaita maka abin da ya rubuta kafin ya liƙe ambulan? Kuma da ka gaya mini tarihin nan tun farko, da ko da takarda a hannuna sai na sake tambaya. Ba wanda ya taɓa gaya mini.

Amma ba abin da ya ɓaci da ba za a gyara ba. Zan aika Zariya a kawo mini mangwaro mai aure, irin wanda ke saurin haihuwa, 'ya'yansa ba zare. Kafin ya tasa zan gina maka rumfar kwano a tsakar gidan, da daɓen siminti, ka zauna yadda kake so. Ka dai taho kamar yadda ka shirya.

Tabar ta iso. Tana nan a zaurena.

Naka,
Maje

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Disamba, 1955

Zuwa ga Baba Ya'u,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, don shirun ya yi yawa. Duk motar goro da ta shigo sai na aika a tambaya, sai a ce an gan ka a tasha, kana nan. To in kana nan me ya hana ka amsa?

Sanyi ya shigo. Mangwarorin mutane sun fara fure, in na bi ta lambunan hanyar Tarauni sai in ce wa direba ya ƙara wuta.

Ina zuwa gidan duk Juma'a. Na ce maka ƙwaro ba ya taɓa dogon yaro, to gara ta taɓa shi. Ta yi masa gini a gindi ta fara cin ɓawo, na kankare na zuba toka. Fara ma ta sauka kan 'yan ganyensa, na jiƙa tabarka na yayyafa, ta yi magani. Kujerar da na sa kafinta ya yi wa Gwaggo tana nan inda aka ajiye ta, kaji ke hawa. Ta daina ce mini Bature. Yanzu in na yi sallama sai ta ce, "Sannu da zuwa, Malam Maje," kamar wani baƙo ya zo neman ruwan sha. Da kaɗinta da komai ta koma cikin ɗaki, ta ce rana ta yi yawa a waje.

Baba, ko zagi ne ka aiko.

Naka,
Maje

Sabo, Shagamu
Watan Azumin Tsofaffi

Daga Ya'u zuwa ga ɗana Maje. Gaisuwa da tambayar lafiyar iyali. Ni jiki da sauƙi, ido ne dai ya kusa rufewa, a bakin ƙofa nake rubutu da tsakar rana, hancina na taɓa takarda. Da hannuna na rubuta, da ajami, ka yi haƙuri ka haɗa baƙaƙen. A namu rubutun tsare da harafi mai hannu a tsaye take farawa, sare kuwa da sin mai haƙora, ko ni da ba na gani ba zan rikita su ba.

Wasiƙunka duka sun iso. Oluwole ne ya karanta mini wadda ta kawo labarin saran. Ya fara yana dariya da abin da ka ce a kansa, sai na ji ya tsaya. Na ce ci gaba. Ya ci gaba har inda ka ce fayau, ya ajiye takardar ya fita. Da la'asar ya dawo ya kwanta rub da ciki a ƙofar ɗakina irin gaisuwarsu, mutum mai 'ya'ya, ya ƙi tashi sai da na lalubo kafaɗarsa.

Ka ce me ya hana shi maimaita mini. Ya maimaita. Ya ce sare, ni kuma na ji tsare, don shekara da shekaru Soho yake kirana ina amsawa. Kai ma ka ga haka a takardar, har kuka yi dariya da direbanka. Kada ka ƙara ɗora masa.

Maganar tarihi kuwa, gaskiyarka. Ban gaya maka ba. Abin da mutum ke gani kullum a zuciyarsa sai ya ɗauka kowa na gani.

Ban riƙe ka ba, Maje. Na yafe duniya da lahira, ka je da ƙafarka inda wani ba zai je ba. Amma ba zan zo ba. Mangwaro mai aure ka dasa a gidanka, rumfar kwano kuma ba ta fure. A nan in na rufe ido ina ganinsa a tsaye, Saudatu na tsugune a gindinsa da buta. In na zo na tsaya a tsakar gidan nan rana ta doki kaina, wannan ma za a sare.

Tambaya ɗaya gare ni. Da kuka kayar da shi, cikinsa ya ruɓe? In ya riga ya ruɓe zan fi samun sauƙi. Amma gaskiya nake so. Ka gai da Iyatu, ka ce ban sauya ba. Wassalam.

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Maris, 1956

Zuwa ga Baba Ya'u,

Gaisuwa da fatan idon ya yi sauƙi. Ka ga da ajami na rubuto. Wurin malamin unguwa na je, wanda na ce ba zan je ba, na zauna a tabarmarsa ya tuna mini baƙaƙen. Na yi su manya yadda za ka gani. In ka sami kuskure a ciki, nawa ne, ba na akawu ba. Ka gaishe da Oluwole, ka ce Maje ya janye maganarsa.

Ka ce gaskiya kake so. Bai ruɓe ba, Baba. Tsutsar a rassa take da gefe ɗaya, ba ta kai ciki ba. Gatari har tsalle yake yi a kansa, leburori suna ta mita. Na ga haka tun sara bai yi nisa ba, da na ce a tsaya da an tsaya. Da an yi masa jinya da ya tashi. Ko guntun da Gwaggo ta roƙa, da na bar mata da yau ina da abin aiko maka.

Na gaya mata saƙonka. Ta ce ta sani. Ta ce kuma in tuge dogon yaron, ba ta son buɗe ƙofa ta gan shi a wurin. Ya kawo mini ƙirji yanzu, gara ta bar shi. In na je Juma'a a gindinsa nake alwala, ban san ko daidai na yi ba. Ba zan taɓa shi ba sai da bakinka. In tuge shi, ko in bar shi?

Motata za ta iya zuwa har Shagamu. Ba sai ka sauka a Tarauni ba, akwai ɗaki a gidana. Ka ce in zo kawai.

Ɗanka,
Maje

Sabo, Shagamu
Mayu, 1956

Zuwa ga Maje. Ni ne Oluwole. Na gode da gaisuwa.

Takardarka ta zo, amma Baba ba ya gani yanzu ko kaɗan, tun kafin azumi. Ni kuma ban iya ajami ba. Ya riƙe ta yana shafawa, sannan aka kira liman ya karanta masa. Da aka zo kan maganar cikin itacen ya ce a maimaita, aka maimaita, sai ya juya fuskarsa bango. Daga baya ya ce in gaya maka liman ya yaba rubutunka, kuskuren kaɗan ne. Takardar tana aljihunsa.

Maganar mota, ya ce kada ka wahala, ya gode.

Maganar ƙaramin itacen kuma, ya ce amsarsa ita ce wadda ya faɗa tun farko a kan mangwaron, kalma ɗaya, in rubuta maka. Na ɗauki alƙalami, ina jin soro. Ba zan sake rubuta ta ba. Ka san ta.

Oluwole